Ni aka fara gwadawa, ni za a ce na kawo

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina zaune a wata unguwa a cikin birnin Kano. Ni ce amarya a gidanmu, shekara uku ke nan da aurenmu, kuma na taɓa yin wani auren muka rabu. Ina da ciki wata biyar. Mako uku da suka wuce na je awo aka ɗibi jinina, daga baya aka kira ni wani ɗaki aka ce ina ɗauke da cutar HIV. An ba ni magani, ina sha a ɓoye. Maigida bai sani ba. Na yi masa hannunka-mai-sanda cewa an ce maza su riƙa rako matansu a gwada su, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, awo na mata ne. Na san halin gidan. Ranar da maganar ta fito za a ce bazawara ce ta shigo musu da ita, takardata kuma ta biyo baya. Abin da ya fi hana ni barci shi ne uwargidana. Muna zaman lafiya, Yaya nake ce mata. Tana goyon jariri ɗan wata huɗu, a gida ta haihu, ba ta yi awo ba. In na yi shiru ina jin na ci amanarta, in na yi magana na kashe aurena. Sannan wata ma'aikaciya ta ce mini in na haifi wannan in haƙura haka nan, wai irinmu bai kamata mu riƙa tara 'ya'ya ba. Anti, ya zan yi?

Ƙanwarki a cikin gari

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raba ku lafiya.

Duk cikin wasiƙarki, inda na fi tsayawa shi ne inda kika ce "ina sha". A ɓoye ne ko a sarari, kina sha. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin awo. Na ga matar da aka miƙa wa robar maganin nan, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta fita ta jefa ta a kwata kafin ta tari adaidaita sahu, don kawai kada a ji ƙarar ƙwayoyin a jakarta. Na kuma ga wadda ta juye nata a tsohon gwangwanin madara, ta cusa auduga don ya daina kacau-kacau, ta tura shi can ƙarƙashin zannuwan akwatinta, kullum bayan isha'i ta shiga ɗaki kamar mai neman ɗankwali ta haɗiye ƙwaya ɗaya. Ɗan wannan ta biyun yana firamare yanzu, babu komai a jininsa. Hanyarta kika kama. Kada wani abu da zai faru a gidan nan, daɗi ko wuya, ya sauke ki daga kanta.

Ga dalili. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 na iya kamuwa, ko tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan tana sha kullum ba fashi, adadin yakan faɗo ƙasa da 5, kuma ga wadda maganin ya kwantar wa da ƙwayar sosai, ya fi haka ƙanƙanta. Wata huɗun da suka rage miki sun isa maganin ya yi aikinsa. Galibin masu sha a ƙasar nan yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin magani uku da ake kira TLD, kuma ba a sayar da ita a asibitocin da ke bayarwa. Wani ɗan abu da ake yawan mantawa a faɗa wa masu ciki: maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da ake ba ku a awo suna iya rage wa wannan magani shiga jiki idan aka haɗa su ciki ba komai. Ko dai ki sha su tare da abinci, ko ki raba lokacinsu. Ki tambayi mai ba ki maganin ta tsara miki. Ki kuma tambaye ta yaushe za a yi miki gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, domin shi ne zai nuna miki inda aka kwana. Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025 aka samu tangarɗa a wurare da dama, saboda haka kada ki jira sai robar ta ƙare kafin ki koma karɓa.

Yanzu ga abin da ke cin zuciyarki. Wa ya kawo?

Ƙanwata, gwajin da aka yi miki abu ɗaya ya sani, akwai ko babu. Bai san yaushe ba, bai san daga wa ba. Ƙwayar nan tana iya zama a jikin mutum shekara biyar, takwas, har goma, yana cinikinsa a kasuwa, yana cin tuwonsa, ko zazzaɓi bai dame shi ba. Don haka "lafiyata ƙalau" ba sakamakon gwaji ba ne. Mai yiwuwa daga aurenki na farko kika taho da ita ba ki sani ba. Mai yiwuwa a gidan nan kika same ta. Mai yiwuwa shi ma maigidan, in har yana da ita, ta hanyar da ba laifinsa ya samu, ko wani auren da ya taɓa yi, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. Kuma yana yiwuwa a gwada shi a tarar ba shi da ita sam, don akwai ma'aurata da yawa da suke zaune shekara da shekaru ɗaya na da ita ɗaya babu. Ban jero miki waɗannan don in wanke ki in shafa masa ba. Yadda ba ki so a yanke miki hukunci da zato, shi ma kada ki yanke masa. Abin da nake so ya zauna miki daram shi ne, wanda ya fara hango wuta a gida ya yi kururuwa, ba hujja ba ce cewa shi ya kunna ta.

Me ya sa kullum mace ce ke fara hangowa? Saboda ita ce ke zuwa asibiti da ƙafarta. Ita ce kan benci tun da sassafe da katinta a hannu, ita ake auna wa hawan jini, ita ke miƙa yatsa a tsira mata allura. Namijinmu kuwa, in ba an ɗauko shi ranga-ranga ba, kemis ne asibitinsa. Duniya ta gina yaƙi da cutar nan a ƙofar ɗakin awo, don a ceci jarirai, kuma an ceci miliyoyi, alhamdu lillahi. Amma an bar wani giɓi. Mace ake gwadawa ita kaɗai, ita ake ɗora wa labarin a ka, a ce je ki kai gida. Sai labarin ya shiga gida ta bakinta, a ɗauke shi tamkar ita ce cutar. Wannan rashin adalci ne, kuma na daɗe ina faɗa a duk inda aka ba ni dama.

Alƙaluma ma sun nuna a kan wa nauyin ya fi sauka. Babban binciken da aka yi gida-gida a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa cikin masu shekara 15 zuwa 49, mata kashi 1.9 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar, maza kashi 0.9. A tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24 kuwa, mata sun ninka maza fiye da sau uku. Yankinmu na Arewa maso Yamma shi ne mafi ƙaranci, kashi 0.6, sai dai ki tuna yawan mutanen Kano kaɗai, ki ga cewa ba ke ɗaya ba ce ke ɓoye roba a akwati a garin nan. Hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023, kowane mako 'yan mata da matasan mata 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ne ke kamuwa a duniya, 3,100 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Ba don mata sun fi lalacewa ba ne, kamar yadda ake faɗa a majalisar shayi. Halittar jikin mace ta fi saurin karɓar ƙwayar, musamman yarinya ƙarama. Sau da yawa tana auren wanda ya girme ta nesa, wanda ya yi rayuwa mai tsawo kafin ita. Ba ta da bakin cewa "mu je a gwada mu". Ko asibitin ma sai da izini da kuɗin mota. Wadda kuma ake duka a gida, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya nuna a wasu yankuna haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata sau ɗaya da rabi.

To, a faɗa wa maigida ko a yi shiru? Ra'ayina a fili yake: dole ya sani. Amma ba daren yau ba, ba ke kaɗai a turakarsa ba, kuma ba cikin kuka da neman gafara kamar wadda aka kama da laifi ba.

Kafin komai ki amsa wa kanki tambaya ɗaya tsakaninki da Allah. Ya taɓa ɗaga miki hannu? In fushinsa ya tashi, ina yake tsayawa? Tsoronki ba shirme ba ne. A ƙarshen 1998, a wata unguwa kusa da birnin Durban na Afirka ta Kudu, maƙwabta suka kashe wata mata mai suna Gugu Dlamini bayan ta fito ta bayyana cewa tana ɗauke da cutar. Duniya ta yi nisa daga wancan zamani, amma irin abin da ya same ta yana cikin dalilan da suka sa ƙa'idar aikin ta zama cewa ba a tilasta wa mace ta faɗa, kuma sai an duba tsaron lafiyarta kafin a ce ta faɗa. In maigidanki mai duka ne, ki gaya wa mai ba ki shawara a asibiti tun farko, tsarin zai canja.

In ba mai duka ba ne, ga yadda na ga abin yana tafiya da sauƙi. Ki fara da mutum ɗaya a danginki, wanda bakinsa ke da linzami. Mahaifiyarki in tana da ƙarfin zuciya, ko gwaggo, ko yayarki. Ki ajiye maganin mako biyu da kuɗin mota a wurinta, ko da abin zai zo da yaji ko kora na 'yan kwanaki, kada shan magani ya yanke. Sannan ki koma asibitin ki nemi ganin mai ba da shawara, ki ce kina so a taimaka miki wajen sanar da miji. Aikinsu ne, an horar da su a kai. Suna iya rubuta masa takardar gayyata a matsayinsa na uban cikin. Suna iya gwada ku tare, a zaunar da ku tare, sakamakon ya fito daga bakin ma'aikaci ba daga naki ba, a kuma yi masa bayanin da na yi miki a sama tun kafin ransa ya gama ɓaci. Suna ma iya tuntuɓarsa su ce ya zo gwaji ba tare da sun ambaci sunanki ba. A wurare da yawa akwai iyaye mata masu ɗauke da cutar, waɗanda suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, suna zaune a asibitin don su riƙe hannun irinki. Ki nemi ɗaya. Abin da za ta faɗa miki a minti goma ya fi abin da zan rubuta a shafi goma. Manyan asibitocin garin nan, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala da Asibitin Zana, duk suna da sashen kula da masu wannan cuta, haka ma ƙananan asibitoci da dama.

In ya ƙi amsa gayyatar asibiti, sai a nemo wanda yake jin nauyinsa. Yayansa, ko amininsa, ko malaminsa. Amma a zaɓa da lura, don ba kowane mai rawani ne ke iya riƙe sirri ba, kuma ba kowane ɗan'uwa ne ke son zamanki a gidan ba.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. In maigida ba shi da cutar, to har zuwa lokacin da maganin zai kwantar da ƙwayar a jininki, kowace ranar girkinki akwai haɗari a kansa. Wannan ma haƙƙi ne, kuma yana cikin abin da ya sa ba na so maganar ta ɗauki watanni. Amma ga albishir ɗin da za a faɗa masa a zaman farko. Tun 2011 wani babban bincike a kan ma'aurata 1,763, da yawansu 'yan Afirka, ya nuna cewa fara shan magani da wuri yana rage yaɗuwar cutar tsakanin miji da mata da kashi 96 cikin 100. Binciken da suka biyo baya sun ƙara tabbatarwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa wanda ke shan maganinsa, gwaji kuma ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Ma'ana, aurenku yana iya ci gaba kamar kowane aure. Sakin ki ba zai cire komai daga jinin kowa ba.

Sai Yaya. A nan ne zuciyata ta fi karyewa, kuma a nan ne na ga irin tarbiyyarki. Wata da ta ce ina ruwana da kishiya. Ke kuwa ita ce ke hana ki barci.

Maganarta ta fi ta maigida gaggawa, saboda jaririn nan yana kan nono. In tana ɗauke da cutar ba ta sani ba, kowace rana tana da lissafi. Jarirai ba sa jure ta kamar manya, wanda ya kamu ba a gano da wuri ba yakan galabaita tun kafin ya shekara biyu. In kuma aka gano, akwai maganin yara, suna tashi su girma. Ga hanyar da ba sai kin tona kanki ba. Ɗan wata huɗu yana da allurar rigakafin da ake yi a mako 14, in ma an yi, akwai awon nauyi. Ki sa ranar ta dace da ranar awonki, ki ce Yaya tashi mu tafi tare, ni ma ina son 'yar rakiya. Ki riga ki sanar da mai ba ki shawara cewa za ki zo da abokiyar zamanki mai shayarwa wadda ba ta yi awo ba. Su sun san yadda za su yi mata tayin gwaji kamar yadda ake yi wa kowace mai goyo. In an samu, a ranar za a fara ceton ta da ɗanta. In ba a samu ba, sai a yi hamdala, a sake gwadawa bayan 'yan watanni, a kuma nuna mata hanyar kare kanta. Akwai maganin rigakafi da mara cutar ke sha kullum. Akwai ma wata allura mai suna lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda aka gwada a kan mata da 'yan mata sama da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda, sakamakon ya fito a 2024, kuma cikin waɗanda aka yi wa allurar ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba. Ba ko'ina ta iso ba tukuna, amma ina ambaton ta don ki san an fara ƙera abin da mace za ta kare kanta da shi ba sai ta roƙi kowa ba.

Ki ba kanki mako biyu, kada ya wuce. In dabarar rakiya ta ƙi, maigida kuma ya toshe kunnensa, to ni a ganina sai ki zaunar da ita, gaban mai ba da shawara in zai yiwu, ki gaya mata gaskiya. Na san abin da nake ɗora miki ba ƙarami ba ne. Tana iya juya miki baya, tana iya faɗa wa duniya. Sirrinki haƙƙinki ne, babu mai ikon tona shi in ba ke ba. Amma ita ma mace ce kamar ki, wadda ba a taɓa tambayar ta ko tana son sanin halin da jininta ke ciki ba, ga kuma rai a bayanta. Haƙƙin matan da muke ta magana a kai, nata ma yana ciki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da kuwa miji ɗaya suke aure.

Idan abin da kike tsoro ya faru, ya miƙo takarda, ki san ba a hannu wofi kike ba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa ƙarara: ba a fitar da wadda aka saka daga ɗakinta a cikin idda, iddar mai ciki ita ce haihuwarta, kuma ciyar da ita yana kan mijin har ta sauka, in ta shayar kuma a biya ta. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta, ciyarwa da tufatarwa da magani kuma suna kan uba. Ɗauke da wannan cuta, ga mai shan maganinta tana cikin ƙoshin lafiya, ba ya mayar da ita wadda ba ta iya riƙon ɗa. Wanda duk ya buɗe baki ya jefe ki da zina saboda sakamakon gwaji, ƙazafi ya yi, kuma Suratun Nur ta faɗi hukuncinsa. A ɓangaren dokar ƙasa, akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna wa masu ɗauke da HIV wariya, ta kuma hana bayyana halin mutum ba da yardarsa ba. Ba zan yaudare ki ba, tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi a tsakar gida akwai tafiya. Amma wadda ta san haƙƙinta ba a kora ta kamar kaza. Akwai sulhu a Hisbah, akwai kotun shari'a, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, duk suna da ofis a Kano. Akwai kuma ƙungiyar mata masu ɗauke da cutar ta ƙasa, ASWHAN, waɗanda suka bi wannan hanya kafin ke.

Bari in ɗan ratse in yi magana da mazan da ke karanta wannan shafi, don na san suna karantawa. A 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, ciki har da HIV da ciwon hanta da nau'in jini na sikila, kuma tun kafin nan Hisbah na gwada ango da amarya a auren zawarawa. Abin da na fi so a dokar shi ne ta sa namiji ma ya miƙa yatsa. Amma doka ta tsaya a ƙofar ɗaurin aure. Wanda ya riga ya tara iyali fa? Malam, kai ne shugaban gida, to shugaba shi ke shiga gaba. Gwajin nan bai kai minti talatin ba. Mazan da suke ƙin sa su ne suke zuwa mana a makare, jiki ya riga ya ƙare, su tafi su bar marayu da matan da za a yi ta nunawa da baki. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce mu da neman magani, ya kuma hana cuta da cutarwa. Mai mata biyu da ya ƙi sanin halin jininsa, rayuka nawa ya ɗora a kan "lafiyata ƙalau"?

Ita kuwa ma'aikaciyar da ta ce irinku ba sa tara 'ya'ya, ta yi kuskure, kuma a matsayina na wadda ta yi wannan aiki ina ba ki haƙuri a madadinta. Ba ilimi ta faɗa miki ba, ƙyama ce ta sa mata farin kaya. Irin wannan tunani ya yi wa mata ɓarna a ƙasashe da yawa. A Namibiya an ɗaure wa wasu mata uku masu ɗauke da cutar mahaifa a asibitocin gwamnati, bayan an sa su sa hannu a takarda suna tsakiyar naƙuda. Suka kai ƙara, suka yi nasara, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a Nuwamban 2014 cewa wannan ba yarda ba ce. Tun 1992 mata masu ɗauke da cutar daga ƙasashe daban-daban suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Amsterdam, saboda sun gaji da a riƙa yanke shawara a kan jikinsu ba su a wurin. Albarkacin irinsu ne yau zan iya ce miki: yawan 'ya'yan da za ki haifa, da tazarar da za ki ba su, shawararki ce ke da mijinki, likita kuma ya faɗa muku abin da lafiyarki za ta ɗauka. Kada ki sa hannu ko dangwale a kan takardar da ba a karanta miki da Hausa kin fahimta ba, balle kina kan gwiwa. In maganar matar nan ta maimaitu, ki kai ƙorafi wurin shugabar sashen. Ba rashin kunya ba ne.

Saura ranar sauka. Ki haihu a asibiti, ki shirya kuɗin mota da wanda zai kai ki ko da tsakar dare ne, katinki yana cikin jakar haihuwa. Ana fara ba jariri wani maganin ruwa tun ranar farko, na tsawon makonni, a gwada shi a mako shida, a sake gwadawa daga baya har bayan yaye. Ki ba shi nono zalla wata shida, babu ruwa, babu zuma, babu jiƙo, kina shan maganinki. Haɗa nono da wasu abubuwa a watannin farko yana ƙara haɗarin kamuwa. Na san Hajiya za ta ce yaro zai mutu da ƙishirwa a zafin Kano. Amsarki a shirye take, kuma ba ta tona komai: haka ake gaya wa kowace mai jego yanzu, nono zalla. Ranar suna ki sayi sabuwar reza da kanki ki miƙa wa wanzami, a buɗe ta a gabanki, belu kuma a bar wa yaro abinsa. Ke da Yaya kada wadda ta sa wa ɗan wata nono, ko da wasa, ko da yana tsala kuka uwarsa tana banɗaki.

Yau da dare, bayan kin haɗiye ƙwayarki, ki leƙa ɗakin Yaya ki ce ta nuna miki katin rigakafin yaron, ki duba ranar da aka rubuta. Ki rubuto mini bayan kun dawo daga asibitin, ina nan ina jira, ina kuma sa ku a addu'a ku duka, har da maigidan.